Kunya Biyu

Ni ke sayar da iri a kasuwar Samaru,
rumfa ta huɗu in ka wuce masu barkono.
Bana ba mai tambayar nawa ne mudu,
waya ake cusa mini a hanci:
"Ji abin da Mudansir ya ce."

Na san Mudansir.
Caja yake gyarawa a Kwangila
kafin ya sayi fitilar nan mai kama da zobe.
Ga shi ya shaƙe goyon masara kamar ya kama ɓarawo,
wai an taɓa mata ciki a ɗakin gwaji,
wai gidan da aka ci tuwonta
an gama yanka ragon suna.
Minti ɗaya da rabi. Mutum dubu ɗari uku.
Fartanyar da ke kafaɗarsa ta aro ce.

Da la'asar Ladidi ta Tudun Wada ta fito,
lalle har gwiwar hannu, murmushi fal:
wai tsutsa na hango irin sai ta yi sallama,
wai buhu zai rasa wurin zama.
Sunan kamfani na leƙe a bayan kujerarta.

Malama Sahura kuwa, shekara goma sha ɗaya
rana na dafa ta tsakanin karan gwaji.
Ita ma ta yi magana, minti ashirin cur.
Sau uku ta ce, "Wannan ba mu sani ba tukuna."
Mutum sittin da biyu suka kalla,
biyu daga ciki ni ne.

Ba na wanke kaina.
Buhu tara na sara, ina so su tafi.

Ranar Juma'a Kawu Tanimu ya zo daga Bomo,
wayarsa mai tocila, ɗaure da kyauro.
Jikokinsa sun kunna masa duka, ya ji.
Ya ce, "In na ajiye iri a rumbu,
baɗi zai yi, ko sai na dawo wurinka da kuɗi?"
Na duba wayata. Na sosa ƙeya.

Ya auni rabin mudu na sabon,
na kakansa yana gida a tulu.
"Kunya biyu zan ja, gefe da gefe.
Ƙasa ba ta karɓar kuɗin talla.
In kaka ta yi,
ɗaya za ta ba wani kunya."

Kafin masarar ta kai gwiwa
Mudansir ya koma kan ƙarfen sabis.