Yoyon Ciki

A bayan injin casar shinkafa, nan Talata Mafara,
inda ƙaiƙayi ke shiga ido ko babu iska,
na ɗora jirgina kan jak uku,
ƙafafunsa na reto kamar na yaro a kan katanga.

Shekara bakwai ina haɗa shi.
Fukafukai daga kasuwar ƙarafa ta Gusau,
inji daga motar da hanyar Sakkwato ta cinye,
famfon da ke naɗe ƙafafu ya sake su kuwa
daga gawar tarakta na ciro shi, a Bakolori.

Na murza makunni. Famfo ya yi gurnani,
tayoyi suka haye, suka shige ciki
kamar kaza ta tattara 'ya'yanta.
Allurar agogon matsi ta miƙe, ta tsaya kan dubu.
Na ce mata, zauna nan.
Ba ta zauna ba.
Kafin in shanye koko ta sauko ɗari takwas,
kafin azahar tayar hagu ta leƙo waje
kamar mai jiran a tambaye ta.

Na goge kowane tiyo da tsumma.
Na ɗaure noti har sifana ta ciji hannuna.
Na barbaɗa garin alabo a kowace gaɓa,
na shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa,
in jan mai ya ɗiga da dare, ya bar mini shaida.
Da asuba na zo da tocila.
Fari fat.
Sai sawun tururuwa a cikin garin.

Tambari mai faci ya ce aljanu ke sha.
Na ce to masu kunya ne,
don tankin bai ragu ko cokali ba.
Abin da ya hana ni barci ke nan:
ba a ɗauki komai ba,
amma ƙarfi ya tafi.

Ige, autata, ta kawo mini tuwo.
Ina ta hawa da sauka da ƙafafun, sau goma, sau ashirin,
ita tana bin silindoji da bayan hannu
yadda take taɓa goshin ɗanta.
Ta wuce na hanci. Ta wuce na dama.
A na hagu ta tsaya.
Ta ce, Baba, wannan yana da zazzaɓi.

Na toshe layinsa, na sake ba da matsi.
Allura ta kafe kamar an buga mata ƙusa.

Ashe man ba fita yake ba.
Ta gefen fistin yake zamewa,
daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya,
yana ɗumama bango da gudunsa,
ba mai gani daga waje.

Na kwance silindan a kan tabarma.
Ga zoben roba, baƙi, bai kai awarwaro ba,
da yanka siriri kamar gashin ido.
Na san yankan.
Bakin sukudirebana ne, shekara biyu da suka wuce,
ranar da na yi gaggawa don hadari ya haɗo,
na ji ya kufce, na ce ba komai.

Ba komai ya jira ni shekara biyu.

Na shafa wa sabon zobe mai da yatsa,
na zura shi a hankali kamar mai sa wa jariri riga.
Allura ta hau dubu.
Muka zauna, ni da Ige, tuwo ya huce,
injin casa ya yi shiru, jemagu suka fito.
Tana nan.

Masu wucewa kullum suna tambaya, Labbo, yaushe za ka tashi?
Ba wanda ya taɓa tambaya ta yaya zan sauko.
Komai nisan jifa, sun san ƙarshensa.
Ni dai so nake ƙasa ta karɓe ni da ƙafa uku.

Gobe zan sake duba allurar
kafin in yi alwala.