Guda Bakwai

A Liège, yayyafi na sauka kan kogin Meuse.
Odile Thonard ta shimfiɗa baƙin ƙyalle,
ta kwantar da ƙaramar bindigar kamar jinjira.

Saurayin ya ce, "Gadon kakan kakana ce.
Guda bakwai kacal aka ƙera."

Ba ta tanka ba.
Ta maƙala gilashi a ido,
ta shinshina ƙotar,
ta taɓa kunamar da farce.

Tambarin maƙeri daidai.
Tsatsar ma ba ta yi ƙarya ba.
Sai kusa ɗaya a ciki,
zarenta sumul,
ba kuskuren hannu ko ɗaya.

"Cikin bakwai ɗin nan," in ji ta,
"na riƙe tara."

Ta tashi ɗora masa shayi.