Daga Ɗaya Zuwa Goma

Mu huɗu kulle ya rutsa da mu
a hawa na uku, a Dundee.
Tagar kicin na kallon kogin Tay
da gadar da jirgi ke bi, ba kowa a ciki.

Mako na biyar jami'a ta aiko da fom:
daga ɗaya zuwa goma,
yaya ƙarfin gwiwarka?
Ka yarda za ka jure?

Fergus ko cokali bai ajiye ba.
"Tara," ya ce, "ɗayan na bar wa sa'a."
Tun yana yaro aka koya masa
ya faɗi kansa da bakinsa,
don garinsu babu maroƙi.

Shuyi ta daɗe tana kallon allon,
sannan ta danna uku.
Ita da ta sa takunkumi tun Janairu
ana bin ta da harara a bas,
ita da ta tura buhun shinkafa ƙarƙashin gado.
Na ce, "Uku kacal?"
Ta ce, "A gidanmu, wanda ya ce goma
shi kakata ke fara tausaya wa."

Thanasis ya ce fom ɗin raini ne.
"Ni kaɗai suke tambaya?
Ina layin uwata? Ina na ƙannena?"
Ya kira Patras, mutum bakwai a waya ɗaya,
aka yi ta musu har abinci ya huce,
aka tsaya a shida.

Ni na duba sama, na duba ƙasa,
ina neman gurbin "in Allah ya yarda".
Babu.
Yaya zan sa hannu a kan gobe,
goben da ba tawa ba?
Na danna biyar, kamar mai rabon faɗa.

Ranar Laraba na buɗe kwalbar daddawa,
wadda na lallaɓo tun daga Gumel,
na kai hanci, ban ji komai ba.
Nan na gane baƙon ya iso.

Inna ta kira. Na ce lafiya lau.
Na rufe wayar da tafi, na yi tarina, na dawo.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Ita ma ta ce lafiya lau.
Sai bayan wata biyu na ji
a ranar aka kai Kawu Maikano makwanci.

Mai uku ce ke ajiye kunun shinkafa da citta
a bakin ƙofata, ta ƙwanƙwasa sau biyu,
ta tambayi zafin jikina, ta rubuta a littafi.
Mai shida kan zauna a ƙasa, baya jingine da ƙofa,
yana ba ni labarin itacen lemon babansa
don kada shiru ya cinye ni.

Mai tara kuwa, ƙarfe ukun dare
na ji kukansa ta bango.
Kakansa ne, a gidan tsofaffi a Arbroath,
ta taga kawai aka bari su yi sallama.
Na ce a raina, ganga ta fashe.
Da safe na ji shi a waya da wata baƙuwar murya,
yana cewa, "Na kasa. Ina son taimako."
Haka kawai, ba kwana-kwana.
Ni da na kwana tara a kwance
bakina bai iya ɗaukar wannan kalma ba.
Ya wanke fuska, ya shiga ruwan sama,
ya bi layin kantin magani domina.

Da bazara sakamakon ya fito,
an jera mu a zane, dogo da gajere.
Layin Shuyi can ƙasa,
nawa bai fi nata da yawa ba.
Ina cikin karantawa
sai wani ƙauri ya taɓa hancina.
Fergus ne ya sake ƙona burodi.
Na buɗe ƙofa, na tsaya ina shaƙa.