Sifili Ya Miƙe Ƙafa

Kunya goma sha biyu a hagu, goma sha biyu a dama,
a gonar babana Zenón, bisa tudun Ilave,
inda tafkin Titikaka ke kwance kamar faranti,
sanyi kuwa na yankan kunne har bayan hantsi.
Hagu ta sha kashin tumaki, yadda kakanni suka saba.
Dama ta sha farin taki na buhu,
wanda ƙungiyar manoma ta ba shi bashi.

Ranar tono na taho da sikeli daga Puno,
da littafi mai bangon roba, da guntun fensir.
Inna Primitiva na tsince dankali cikin mayafinta,
ni ina rataya buhu, ina karanta allura:
sha huɗu, sha ɗaya da rabi, sha bakwai,
wata kunya tara kacal, tsutsa ta riga mu ci.

Na tara, na raba.
Matsakaicin hagu, sha uku da ɗigo biyu.
Na dama, sha huɗu da ɗigo shida.
Baba ya leƙo ta kafaɗata yana tauna ganyen koka,
ya ce, “Shi ke nan, buhu ya kayar da tunkiya.”
Ba muryar mai murna ba ce.

Na ce, dakata, Baba, ba a cinikin kifi a ruwa.
Akwai rata tsakani, ban musa ba,
amma dubi kunyoyin hagu su kaɗai:
iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya,
ga wannan ta fi waccan da kilo takwas.
Ƙasa ma tana da nata surutun.
Gwajin t tambaya ɗaya tak yake yi:
ratar da ke tsakanin gida biyu,
ta fi hayaniyar cikin kowane gida amo?

Na aza ratar bisa hayaniyar, na raba,
ta fito ɗaya da ɗigo huɗu.
Jadawali na neman biyu da 'yan kai.
Sai na ja layi, na kafa masa turaku biyu:
ɗaya can ƙasa da sifili da rabin kilo da ɗoriya,
ɗaya a sama, uku da ɗigo huɗu.
Tazarar amincewa ke nan, casa'in da biyar cikin ɗari,
ga sifili zaune a ciki, ya miƙe ƙafa,
baƙon da ba a gayyata ba, ba a kuma isa a kora ba.

“Wato duk ɗaya ne?”
A'a, Baba. Ban faɗa ba.
Wanda gajimare ya tare wa ido
ba ya rantsuwa cewa wata bai tsaya ba.
Wataƙila buhu ya ƙara kilo uku,
wataƙila ma ya ɗan rage.
Masuncin da ya jefa irin komarmu sau ɗari
zai kamo gaskiya sau casa'in da biyar,
sai dai bai san ko jifan yau na cikinsu ba.

Ya yi shiru. Can ya ce,
“Shekara biyar a jami'a
don ki iya cewa ban sani ba?”
Inna ta yi dariya har hularta ta karkace.
Na ce, don in san iyakar rashin sanina, Baba,
daga wane turke zuwa wane.

“Kunya nawa za ta matse turakun?”
Ninki huɗu, in ana son rabin faɗin.
Ya dubi gonar, taku talatin ta ƙare a dutse.
“Zan yi wa Hilarión magana,
baɗi mu haɗa da tasa.
Bashin dai ba shi da tazara, a watan Yuni yake.”

Da yamma Inna ta gina murhun hoge,
ta binne dankalin hagu da na dama tare.
Muka ci da gishiri da cuku, muna hura yatsu.
Baba ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya sansana,
ya daɗe yana nema a fuskarsa
ko ɗan tunkiya ne, ko ɗan buhu.