Shu na Lambuna

Ni na dasa shi a bakin rijiya, can Miriya,
ni na yi ta jan guga tun kafin zakara,
na tsince tsutsa ɗai-ɗai daga bayan ganye
har ya dunƙule kai, fari tas, da nauyi a tafin hannu.
Shu muke ce masa, Kanawa su ce kabeji.
Ran Alhamis na kai buhu tara Kasuwar Dole,
kafin azahar ko ganye bai saura ba.

Damagaram duka ta ci ta kwana lafiya.
Sai ni.

Barira ta yanka shi siriri, ta daka ƙuli,
ta zuba yaji, ta ɗiga mai,
kwaɗon da ko maƙwabci sai ya leƙo.
Loma huɗu na yi.
Kafin isha'i cikina ya ɗaure kamar ganga,
mazagin wando ya zama abokin gaba.
A sahu ina matse numfashi
ina fatan liman ya ɗauko gajerar sura.
Alwala uku, salla ɗaya.

Na sha kanwa, na sha jiƙon sabara.
Mutari ya rantse sammu ne,
wai lambuna ya tsone wa wani ido.

Likita Kiyari bai rantse ba.
Ya juya takarda, ya zana hanji biyu, babba da ƙarami,
ya ce: “Ƙwayoyin nan ba baƙi ba ne, naka ne.
Gidansu na ƙasa. Sun hauro, sun yi zango, sun hayayyafa.
Abin da ka aika, su ke fara tara,
su ci su ƙoshi, su bar maka iska.”
Na ce: “Ashe awaki ne suka haura shinge.”
Ya ce: “Ka fi ni iya faɗi.”

Magani na mako biyu, sai jerin hani:
ban da wake, ban da albasa, ban da shu, zuwa wani lokaci.
Na ce: “Likita, ai lambuna ka karanto mini kaf.”

Kwana arba'in ina ban ruwa ga abin da ba na ci.
Ina yanke kai, in auna, in miƙa, in ƙirga dala,
in koma ga farar shinkafa da ba ta da magana.

Daren jiya Barira ta dafa shi ligif,
ta tsiyaye ruwan, ta sa mini cokali biyu, ba ƙari.
Na ci a hankali, kamar mai taka gadar kara.
Na kwanta, hannu bisa cibiya, ina sauraro.
Ƙugi ɗaya, can ƙasa.
Na jira na biyu.
Ina cikin jira aka kira assalatu.

Sauran da ke tukunya, Tsahara ta suɗe,
ta ce: “Baba, gobe uku?”
Na ce a bari sai jibi.