Ran da Gyaɗa Ta Ƙone

Shekara arba'in Inna Tasalla na suyar gyaɗa a Bagalam,
ba ta taɓa tsayuwar gadin kasko ba.
Tana ƙofar gida, tana cinikin ƙuli-ƙuli,
sai ta ɗaga kai, ta ja iska:
"Ku sauke, ta yi."
Kuma ta yi ɗin.

Hancinta ne agogonmu.
Shi ke gaya mana ruwa ya sauka a Tibiri
tun hadari bai haɗo kanmu ba.
Shi ke tona asirin mai da aka sirka.
Shi ya kama ni da sigari a bayan lakwal,
ko da na tauna lemun tsami har da ɓawo.

Sai wata Talata
hayaƙi ya cika tsakar gida, ya haura katanga,
maƙwabciya ta faɗo a guje, ko kallabi babu,
ta iske Inna zaune dab da murhu
tana tsince tsakuwa cikin wake, hankali kwance.
Tiya uku ta zama gawayi.
"Lafiya?" in ji Inna.

Muka ce mura ce. Mura ta wuce.
Muka ce tsufa ne, wa zai kai ƙarar tsufa?
Ta shiga zuba daddawa sau biyu a miya
tana cewa ta yanzu ba ta da rai.
Damina biyu bayan haka
ta kira ni da sunan ƙanenta
wanda aka binne tun ba a haife ni ba.

A babban asibitin Maraɗi
likita Sahabi bai fara da allura ba.
'Yan kwalabe ya jera kan tebur.
"Rufe ido, Inna. Mene ne wannan?"
Kanumfari ne. Ta ce ruwa.
Citta. Ta ce ruwa.
A ta ukun ta yi dariya:
"Yaro, kwalbar wofi kake miƙo mini."
Man gyaɗa ne.
Na mai da idona taga.

Ya ja ni gefe, ya yi zane a bayan takardar magani.
"Daga hanci zuwa inda ƙwaƙwalwa ke ajiye jiya
taku kaɗan ne, kamar zaure da cikin gida.
Wani sa'in, in gara ta shiga ginin,
a zaure ake fara ganin ƙasa na zuba.
Ba duk hancin da ya yi shiru ke nufin haka ba,
mura na sa shi, buguwar kai na sa shi.
Amma da kun zo ran da gyaɗa ta ƙone..."
Bai ƙarasa ba.
Ni ma ban nemi ƙarashen ba.

Yanzu safe da yamma ina kawo faifai:
ɓawon lemu, kanumfari, na'ana'a, ɗan tsinken turaren wuta.
Ya ce a gwada, bai yi alkawari ba.
Tana shaƙa a hankali, kamar mai sauraren kira daga ƙetaren gulbi,
ta girgiza kai, ta miƙo mini.
Ni ma sai in shaƙa a ɓoye,
in ƙidaya: ɗaya, biyu, uku, huɗu,
duk suna nan. Yau dai suna nan.

Jiya da la'asar muna zaune,
murhu a mace, toka ta yi sanyi tun safe,
ɗiyata Sahura na tsefe mata kai.
Inna ta ɗaga fuska, hancinta ya motsa,
muryar nan ta da ta dawo cak:
"Ku sauke, ta yi."

Muka dubi juna.
Sahura ta tashi, ta naɗe hannu da tsumma,
ta ɗauke kaskon da babu komai ciki,
ta aje shi ƙasa a hankali,
tana hura yatsunta.