Gurbi Uku

Gurbi uku kwaleji ta ba ni bana,
uku tak: karatu kyauta da ɗakin kwana.
Na sa littafi a aljihu, biro a kunne,
na tada babur sai Ƙofar Sauri,
filin da ragarsa gora ce da igiya.

Ba ni kaɗai ba ne.
Ga na Kano can da baƙin tabarau,
ga na Zariya yana ɓarar gyaɗa,
kowa na yi kamar iska ya zo sha.
Muka gaisa, gaisuwar mahauta
da suka haɗu kan sa ɗaya a kara.

San kuwa Mannir ne.
Shekara sha bakwai, bahago,
in ya taɓa ƙwallo sai ta yi ladabi.
Ya yanke biyu, ya bar na uku zaune
yana laluben takalminsa a yashi.
Ci huɗu kafin la'asar ta yi sanyi.
Na rubuta sunansa har biro ya huda takarda.

Daren nan lissafi ya hana ni barci.
Masu ƙidaya sun ce irinsa ɗaya
ya fi goma masu dama-dama:
shi ke cika benci da 'yan kallo,
kuma inda ya sauka, nan ƙannensa za su biyo baɗi.
Na ce in haɗe gurbi biyu in ba shi,
da kuɗin mota, da takalmi mai ƙusa.

Ubansa, Malam Badamasi, agogo yake gyarawa.
Bai ɗago ba, gilashi maƙale a ido.
"Kai ne na biyar tun Talata.
Kowa ya taya ƙafar.
Ran da gwiwa ta goce, nawa ne yaron?"
Agogai na ta bugawa a bango,
kowane da nasa lokacin.
Na ce, ai takardar shaida ba ta targaɗe.
Ya ce, "Haka na Kano ya faɗa,
shi kuma da mota ya zo."

Ran Asabar motar ta tafi da Mannir.

Na zauna wurin mai shayi a Rafindaɗi
ina juya littafi don haushi.
Can gefen shafi, da ƙaramin rubutu,
ashe na sa: lamba shida, wane ne?
Sau huɗu na sa.
Duk ci huɗun nan daga ƙafarsa suka taso.

Tasi'u. Gajere, gwame, yaron mai faci.
Ba wanda ya je gidansu tun Talata,
ko tun wata Talatar.
Ya sa hannu, ya bar mani baƙin yatsa a fom,
ya tambaya ko ɗakin yana da fitila.

Ba zan ƙawata labari ba.
Mun haɗu da Kano a zagaye na biyu,
suka ba mu uku da nema,
biyu na Mannir, ɗaya da ka.
Masu ƙidaya ba su yi ƙarya ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mani a rai.
Minti na saba'in, Tasi'u bai ko duba ba,
ya zura ƙwallo ta hagu, tsakanin mutum uku,
ta tafi sumul inda babu kowa,
ta gangara, ta fita.
'Yan kallo suka yi mashi ca.
Ni na san wa ya ba.
Mannir ma ya sani, don ya yi taku biyu
kafin ya tuna launin rigarsa.

Baɗi ma gurbi uku ne, in an ba ni.
Na sayi sabon biro.
Yaron da nake nema, ban san sunansa ba,
na dai san inda zai tsaya.